Riɗina da Tauraro Ya Ɗauka Ciyawa Ce

Har abada ba zan manta da ranar da na ga gonata daga sama ba.

A daminar nan kullum gabana faɗuwa yake. Maigidana ya tafi neman aiki Kaduna, ya bar ni da yara biyu da 'yar gonarmu ta kan tudu, wajen Kafur. Mutane da yawa sun daina hawa tudun saboda rashin tsaro, har mai unguwa ya ce duk gonar da aka yi watsi da ita zai ba wani aro. Ni kuwa ba ni da mai tsaya mini.

Wata Talata sai ga malaman gona su biyu a kan babur, da kwamfutarsu. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, mu mata muna leƙe daga baya. Suka buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Kai jama'a! Ga rafinmu kamar zare, ga ɗorawar bakin gonata kamar kan ashana. Don daɗi ban san lokacin da na kutsa gaba da goyona ba.

Babban cikinsu ya ce, "Duk inda kuka ga ja, an daina nomawa."

Na bi rafi da ido har ɗorawa. Gonata jawur!

Na ce, "Malam, wa ya gaya wa tauraron ba a noma nan?"

"Ai ba a yi huɗa ba, ba kunya a wurin, Hajiya. Ciyawa ce zalla."

Wata tsohuwa ta ce, "To ai mai gonar ma ba ta da ita, ga ta nan tsakiyar maza!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ba ni da shanun huɗa, Malam. Riɗi na yafa."

Mai unguwa ya ce, "'Yar nan, kin tabbata?"

"Baba, a je a gani."

Muka ɗunguma tudu. Riɗi ya kai ƙugu, ya yi fure fari fat, zuma sai kuka take a ciki. Malamin ya tsuguna ya taɓa ganye, ya ce, "Wallahi kin kayar da tauraro." A gabana ya buɗe kwamfuta ya mai da jan nan kore. Na rangaɗa guɗa, mai unguwa ya ce gona tana hannun mai ita.

Yanzu na gane: na'ura tana ganin faɗin ƙasa, amma ba ta san abin da hannu ya zuba ba. Don Allah, in masu hoton nan suka zo garinku, ku kira mata su duba nasu kafin a yanke magana.