Jan Tambari a Kan Gawar Hadi

Lantana shekararta hamsin da uku, mijinta ya rasu, tana sayar da bandar kifi a bakin hanyar da ke hawa cikin Mpape, wata unguwa a gefen Abuja. Ɗaki ɗaya take haya a bayan wani wurin fasa dutse. Ba ta yi karatun boko ba, amma akwai kalma ɗaya da take ganewa ko daga nesa, wato ƘARYA, domin ita aka buga da jan tambari a kan gawar mijinta.

A wajen Haɗeja aka haife ta, aure ya kai ta Tumbun Sule, wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Chadi. Mijinta Hadi yana kamo kifi, ita tana bandawa, motoci suna zuwa daga Kudu suna kwashewa. Da yaƙi ya iso bakin tafki, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da hantsi ranar kasuwa. Hadi yana cikin waɗanda aka kashe.

Da waɗanda suka tsira suka fito daga cikin ciyawar ruwa, sai aka jera gawarwakin a ƙarƙashin goruba. Farin yadin da ke ƙauyen bai isa likkafani ba, aka rufe saura da abin da aka samu. Lantana ta buɗe akwatinta ta ciro koriyar atamfa mai zanen ganye da Hadi ya saya mata ta sallah. Ba a ɗinka ta ba, ɗankwali kawai ta yanka a jiki. Da ita aka suturta shi. Wani direban motar kifi mai suna Bernard ya ɗauki hoton gawarwakin da wayarsa kafin a yi musu salla, daga baya ya tura mata. Ba a ganin fuskar Hadi a ciki. Shi ne na uku daga hagu, cikin koren zane, kuma ba ta da wani hotonsa bayan wannan.

Hoton bai tsaya a wayarta ba. Yadda ya fita babu wanda ya sani, amma ya shiga duniya yana ta canza suna. An taɓa yaɗa shi cewa sojoji ne suka yi kisan. An taɓa cewa a wata ƙasa aka yi. Duk mai son tayar da hankalin jama'a sai ya ɗauko gawar Hadi ya liƙa mata sunan garin da yake so.

A daminar bara ya sake fitowa a WhatsApp, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa makiyaya ne suka yanka manoma jiya a Abaji, wani gari a yankin Abuja. Kafin azahar maganar ta cika Mpape. Matan da ke kawo nono suka daina shigowa unguwar, samari suka fara tsayawa a kan hanya da sanduna.

Nazeer, ma'aikacin wata ƙaramar ƙungiya mai tantance labarai da ke da ofis a Gudu, shi ya bi diddigin hoton. Ya kira mutane a Abaji, suka ce babu abin da ya faru. Ya samo tsohon kwafin hoton a intanet, wanda ya girmi labarin da shekaru. Ya buga masa jan tambari daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya saki. Hankali ya kwanta, masu nono suka dawo.

Lantana ba ta san an yi ba, sai ranar da suka yi cacar baki da Serah, mai tumatir a gefenta, a kan ruwan wanke kifi da ya gangara wajen kwandonta. Serah ta ciro waya ta ɗaga sama, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Kai Lantana, ba wannan ne hoto da kana nuna mana kana kuka ba? Ga shi nan, gwamnati ma ya ce ƙarya ne! Ko dai miji ya gudu ne ya bar ka?"

Masu okada da ke tsaye a wurin suka kwashe da dariya. Lantana ta dubi wayar. Jan rubutun ya bi ta kan koriyar atamfar daidai ƙirjin Hadi.

Wani mai sayen kifi ya karanta mata sunan ƙungiyar da ke ƙasan hoton, ya kwatanta mata wurin. Washegari ba ta kasa kifi ba, ta shiga mota zuwa Gudu.

"Wa ya rubuta wannan?" ta tambaya tun daga ƙofa.

"Ni ne, Mama," in ji Nazeer. "Bismillah, ga kujera."

"Ban zo zama ba."

Ta kwance ɗankwalin da ke kanta ta shimfiɗa a kan teburinsa, ta ajiye wayarta a gefe.

"Dubi na uku daga hagu, ka dubi wannan. Mijina ne. Ni na ba da zanen da hannuna."

Nazeer ya daɗe yana dubawa. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Mama, ni na yarda da ke. Amma irin wannan atamfa dubbai aka buga, ba zan iya kafa hujja da ita ba. Ina wanda ya ɗauki hoton?"

Ta ce rabonta da jin Bernard tun kafin ta zo Abuja, lambarsa ba ta shiga.

"To kai da za ka buga ƙarya a kansa, ka nemi wanda ya ɗauka?"

"Ba hoton na ce ƙarya ba, Mama. Rubutun da ke ƙarƙashinsa nake nufi."

"Me ya hana ka buga a kan rubutun? A kan mutum ka buga! Mutumin da aka kashe, aka rasa ko farin yadin da za a rufe shi!"

Nazeer ya ce haka aikinsu yake. Idan suka bar hoton fes, gobe wani zai yanke bayaninsu ya sake yaɗa shi, kuma a wannan karon saura kaɗan a zubar da jini a kansa. Lantana ta ce ita ba ta zo jin yadda aikinsu yake ba.

Abin da ya iya yi shi ne gyara bayanin da ke shafinsu. Ya ƙara cewa hoton kansa ba haɗi ba ne, tsoho ne, da alama daga yankin tafkin Chadi, kuma wata mata ta ce mijinta yana ciki. Ya karanta mata.

"Wata mata," in ji Lantana. "Masu ƙaryar sun kira sunan gari babu kunya. Ni mai gaskiya na zama wata mata ta ce."

Gyaran yana nan a shafin, kaɗan ne suka karanta shi. Hoton mai jan tambari kuwa har yanzu yana yawo a wayoyin Mpape. Wanda ya fara liƙa wa gawar Hadi sunan Abaji ba a san shi ba, babu kuma wanda ya neme shi.

A watan jiya Lantana ta kai wayarta wurin mai wanke hoto, ta sa aka fitar mata da na asalin babba, aka rubuta a ƙasa: Hadi, mijin Lantana, Tumbun Sule. Ta rataye shi a jikin rumfarta, sama da tiren kifi, ta ɗaure ɗankwalin a ƙusar. Da Nazeer ya ji, ya kira ta ya ce wani zai iya ɗauka ya sake yaɗawa. Ta ce ta ji. Serah kuwa ta matsar da kwandonta.

Jiya da rana wani mutum ya tsaya sayen kifi, ya ga hoton, ya ɗaga wayarsa zai ɗauka. Lantana ta tare shi da hannu.

"Tsaya, oga. In za ka ɗauka, da ni za ka ɗauka."

Ta goge hannunta a zane, ta miƙe ta tsaya a gefen hoton, ta ɗora yatsa a kan na uku daga hagu.