Hararar Da Ta Zama Ta Kowa

Tun yana saurayi Mai Zane yake zana fuskokin mutane, yawancinsu waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A kawo masa tsohon hoto wanda ya koɗe, ruwa ya ci gefensa, ya zauna da fensir da gawayi ya mayar wa 'ya'ya da fuskar ubansu. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin bene, jikin na wani mai gyaran waya. Abu biyu ya gada wajen wanda ya koya masa sana'a. Ba ya rubuta sunansa a gaban zane, sai a baya, wai fuska ta mai ita ce. In kuma ya gama, sai ya juya ta tana kallon bango har masu ita su zo.

Sai zamani ya yi masa tsiya. Waya ta koyi gyara tsohon hoto, har ta sa mamaci murmushin da bai taɓa yi ba yana raye. Ƙafa ta ɗauke daga shagon. Ya wuni yana feƙe fensiran da ba su dakushe ba.

Mai gyaran waya, irin mutanen nan ne da ba sa rasa shawara a kan rayuwar wani, ya ce kasuwa ta koma cikin waya, ya buɗe masa shafi a intanet. Mai Zane ya ɗora hoton fensiransa, da kujerarsa, da tagar shago. Ba wanda ya kula sai 'yarsa da ke aure a nesa, ita ma tausayi ne.

"Malam, fuska ake so," in ji mai gyaran waya. "Wa zai tsaya kallon kujera?"

Mai Zane ya ce fuskokin da ke shagon amana ce, ba zai baje iyayen mutane a titi ba. Amma akwai guda da ba ta kowa ba sai shi, tana rataye a ɗakinsa: marigayiya matarsa. Ya zana ta ne ranar da ya goge hannunsa mai gawayi da sabon labulenta. Ta juyo ta watsa masa harara, dariya na ɓoye a gefen bakinta. Duk rayuwarsa bai yi aikin da ya kai wannan ba, kuma ya sani. Ya daɗe yana juya abin a ransa, ƙarshe ya ɗauki hoton zanen ya ɗora, ya rubuta cewa aikin hannunsa ne, yana karɓar aiki.

Wayar ta kama ruri har ta yi zafi. Ya yi murna, bawan Allah, har ya share shago ya sake feƙe fensira. Ashe dariya ake yi. Wani mara aikin yi ya yanke fuskar, ya rubuta "Ƙarya kake" a ƙasa, ya mayar da ita sitika. Ɗalibai na jefa wa juna, masu musun ƙwallo na jefa wa juna. Sunansa kuwa yana bayan takarda, inda kyamara ba ta gani. Ko mutum ɗaya bai taka shagon ba.

'Yarsa ta kira.

"Baba, ƙawayena ke turo min Inna suna dariya. Ba su san ita ce ba."

Ya goge hoton daga shafinsa, mai gyaran waya ya ce aikin banza ne, ta riga ta shiga duniya, shi kam da shi ne da ya yi alfahari.

Rannan ya ga hoton a wani shafi, wani ya tambaya a ƙarƙashinsa ko wa ya zana wannan mata. Da yatsa ɗaya, yana kuskure yana gyarawa, ya rubuta: "Ni na zana. Matata ce, ta rasu."

Amsar ba ta jima ba. Matarsa ce aka turo masa, tana harararsa, da rubutun nan a ƙasanta.

Ya rufe shago tun rana na sama. Da ya shiga ɗaki bai iya haɗa ido da ita ba. Ya sauke ta daga ƙusa, ya share ƙurar gilashin da hannun rigarsa, ya juya ta tana kallon bango. Sunansa ya fito sarai a baya, cikin rubutunsa mai kyau, ba mai karantawa sai shi.