Saƙon Ɗaliban Bitrus Ya Isa Zuru

Mun tashi daga Birnin Kebbi ana idar da sallar asuba, ni da maiɗakina da wani abokinmu wanda motarsa muka shiga. Zuru muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Amininmu Bitrus ne ya rasu a ƙasar Vietnam, inda ya yi shekaru yana koyar da Turanci, kuma a can aka binne shi. Tare muka yi kwalejin horon malamai, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Shi ya je coci ran Lahadi, ni in je masallaci ran Juma'a, sauran ranakun kuwa mu yi ta gardama kan wanda ya cinye ƙanzo.

Na riga na je ta'aziyya tun lokacin da abin ya faru. Wannan karon ƙanwarsa Rahila ce ta kira ni. Ta ce ɗalibansa sun cika shafinsa na sada zumunta da rubuce-rubuce, mahaifiyarsu tana son jin abin da suke cewa, ita kuwa da ta fara karantawa kuka ke ƙwace mata, ga shi Turancin nasu wani iri ne, rabinsa ba ta ganewa. "Yaya, kai ne malamin Turanci," in ji ta, "ka daure ka zo ka karanta wa Mama."

Damina ta yi nisa, ko'ina kore shar, gero ya fitar da kai yana jiran lauje. A Jega muka tsaya karin kumallo. Ƙosan da aka zubo mana ya ƙanƙance har abokinmu ya ɗaga ɗaya yana tambayar mai suyar ko na 'yan yaye ta ba mu. Ba ta ko ɗago kai daga kaskon ba ta ce, "Alhaji, ba mu munka rage su ba, wake na ya hau." Muka yi dariya muka ƙara na wani kuɗin, don daɗi kam ba a rage masa ba.

Daga Koko muka karkata gabas. Hanyar wani wurin sumul, wani wurin kuma sai direba ya zaɓi ramin da ya fi sauƙi ya faɗa. Akwai shingayen jami'an tsaro jefi-jefi, a leƙa mota, a gaisa, a ce Allah ya kiyaye. Da muka wuce Mahuta ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu suka fara tasowa, gonakin dawa suna hawa jikinsu kamar an jera su da hannu. Babura kuwa ba a magana. Mun ga guda ɗauke da magidanci da matarsa da buhun masara, ga akuya a gaba ta leƙo kai tana kallon hanya kamar ita ke tuƙin. Na tuna Bitrus ya taɓa ce mini birnin da yake zaune a can tamkar kasuwar Ribah ce aka ninka ta ba iyaka, kowa a kan babur, kowa yana sauri, amma ba ka jin zagi.

A cikin motar na buɗe waya ina bitar saƙonnin, don kada in je gaban tsohuwa ina in'ina. Tun cikin makon na nemi taimakon ɗaya daga cikin ɗaliban, wata mai suna Linh, ma'aikaciyar otal da ke zuwa ajinsa na yamma, ta yi mini bayanin abubuwan da suka shige mini duhu. Mutanen nan ba Turancin littafi suke rubutawa a shafukansu ba. Godiya a wurinsu haruffa uku ce, "tks". Sai da safe kuwa "G9", domin sunan lamba tara a Turanci ya yi kama da kalmar dare, sai suka huta da dogon rubutu. In suna dariya su rubuta "hihi", in kuka ne "huhu". Ba ruwansu da bambanta aikin da ya wuce da wanda ake ciki, sai dai su sa jiya ko gobe, kai ka gane da kanka. Sannan akwai wata 'yar kalma tasu, "ơi", da suke liƙawa a bayan sunan wanda suke kira, irin kiran da ake yi wa na gida. Kusan kowane saƙo da ita ya fara: "Teacher ơi". Malam suke kira, kamar yana ɗaki na gaba zai amsa.

Maiɗakina ta leƙo wayar ta ce da a ajina aka rubuta wannan, da jan biro ya ƙare kafin a tashi tara. Na ce ai kuwa, amma yau ba maki na zo bayarwa ba.

Rana ta ɗaga sosai muka shiga Zuru ta Dabai. Wayata ta kusa mutuwa, ga shi na baro caja a gida, sai muka tsaya shagon wani Inyamuri a bakin kasuwa. Tun yana saurayi yake garin, Hausarsa kuwa tana gudu ba birki. Ya miƙo mini caja ya ce, "Malam, wannan mai kyau ne, in ya lalace ka dawo da ni." Na gane nufinsa, ban gyara masa ba. Da ya ji gidan da za mu, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce a shagonsa Bitrus ya sayi wayarsa ta farko. Ya shiga ciki ya fito da burodi da gwangwanin madara, ya ce a kai wa Mama, a ce mata yana nan tafe ran Lahadi bayan an taso coci.

Gidan yana bayan gari, a gindin dutse. Asali a wajen Ribah suke noma, rashin kwanciyar hankali ya sa suka dawo nan bayan rasuwar maigidan, wanda tsohon soja ne. Mama ta tarye mu a ƙofa. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Ta fara yi mana maraba da C'lela, yaren da ta tashi da shi, sannan ta juya Hausa. Hausar Mama ba ta damu da raba namiji da mace ba, ni ma "ke" take ce mini wani lokacin, kuma ban taɓa jin kiran da ya fi wannan daɗi ba. Kafin mu ce komai ta sa Rahila ta kawo buta da tabarma, ta nuna mana gabas. Bayan mun yi azahar aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da ta sha gyaɗa. Abokinmu, wanda ya ce a mota likita ya hana shi cin abu mai nauyi, malmala biyu ya tashi da su.

A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida muka zauna. Mama ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta ɗora hannuwa a gwiwa, na fara karantawa ina juyawa da Hausa. Wani direban tasi ya rubuta cewa da can in baƙo ya shiga motarsa gumi yake yi, yanzu har hira yake ja. Wata uwa ta ce 'yarta ba ta buɗe baki a aji, Malam ya yi ta yi mata waƙa da rawa har ta fara magana. Wani ya sa hoton Bitrus yana fama da tsinken cin abincinsu, taliya tana zamewa, a ƙasa an jera "hihi". Na ce wa Mama wannan dariya ce. Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce ya yi ƙiba.

Na yi ta karantawa, tana gyaɗa kai. Can sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ɗana, duk na ji. Sun ce yana da kirki, wannan na sani, ni na haife shi. Abu ɗaya nake so. Da ciwo ya kama shi, wa yana kusa? Wa ya ba shi ruwa?"

Rahila ta sunkuyar da kai. Ashe abin da ke hana tsohuwar barci ke nan tun ranar da labari ya zo. Abin da aka gaya musu kawai shi ne zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti, kwana kaɗan ya cika. Ita kuwa kullum ganinsa take shi kaɗai a ɗaki, cikin mutanen da ba su san sunan uwarsa ba.

Ban ga amsar wannan a abin da na yi bitarsa ba, kuma ban yi niyyar yi mata ƙarya ba. Na ce ta ba ni lokaci. Na koma baya a shafin, na wuce saƙonnin ta'aziyya, na shiga na kwanakin jinyar, waɗanda ban kula da su ba da farko saboda gajeru ne ƙwarai. Ashe a nan maganar take. Ɗaliban ajin yamma ne suke rabon kwana a tsakaninsu, wannan ya ce shi zai je da safe kafin aiki, waccan ta ce ita za ta karɓe shi. Direban tasin ne ke kai su yana ɗauko su. Sai ga na Linh, da hoton wani ɗan kwano a gefen gado: "Teacher no like cháo but I force him, he eat 5 spoon hihi huhu."

Na ce, "Mama, ba shi kaɗai ba ne. Karɓa-karɓa suka yi ta yi a kansa, ba su bar shi ba har ƙarshe. Wannan yarinyar ta ce ta dama masa kunun shinkafa irin nasu, ya ce ba ya so, ta matsa masa sai da ya sha 'yan cokula. A ƙarshen maganar ta yi dariya, ta kuma yi kuka."

Mama ta leƙo hoton kwanon. Sai kuma dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta. "Shi ne," ta ce. "Tun yana goye ba ta son kunu. Sai na toshe mata hanci." Ta share fuska da bakin zane, ta faɗi wata magana da C'lela. Rahila ta ce mini cewa ta yi yau za ta yi barci. Maiɗakina ta tashi ta shige ɗaki, abokinmu kuma ya ce bari ya duba tayar mota, alhali lafiyarta ƙalau.

Da Mama ta natsu ta ce a mayar wa yarinyar da amsa. A gaya mata ta gode, wanda ya ba ɗanka ruwa a bakin mutuwa ya zama naka, daga yau ita 'yarta ce, in ta zo Zuru akwai ɗaki. Na zauna na tsara Turanci mai kyau, jimla a bayan jimla. Rahila ta duba ta ce, "Yaya, wannan ai sai ta nemo ƙamus. Rubuta mata irin nasu." Na goge. Na rubuta gajere, yadda suke yi, har da "tks" ɗin, na tura ina jin idon maiɗakina, wadda ta dawo, a ƙeyata.

A can dare ya fara, don sun riga mu da sa'o'i, amma ba mu gama shan ruwa ba amsa ta shigo: "Mama ơi, I cry now. I am your daughter." Na fassara wa Mama, na kuma gaya mata ma'anar 'yar kalmar da ke bayan sunanta. Ta sa na maimaita mata yadda ake faɗinta har ta iya. Daga nan hoto ya biyo, kabarin ne, an share shi tas, ga furanni, ga lemo da ayaba a faranti. Mama ta tambayi dalilin 'ya'yan itacen, na ce al'adarsu ce ga wanda suke girmamawa. Ta ce, "To, ko a can ma ba su bar shi da yunwa ba."

A Zuru muka kwana. Da safe muka ɗan taka jikin dutsen bayan gidan, garin yana ƙasa cikin hayaƙin girki, mata suna wucewa gona da kaya a kafaɗa. Ba mu fito ba sai da Mama ta cusa mana gyaɗa ɗanya da zakara a bayan mota. Zakaran bai yi shiru ba har Koko, inda muka sayi kifi busasshe, abokinmu ya yi ta ciniki kamar zai sayi gona. La'asar sakaliya muka shigo Birnin Kebbi lafiya.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Mai shagon nan da Mama da ɗaliban Bitrus duk da aron harshe suke magana, kowa ya lanƙwasa shi yadda zai ɗaukar masa kaya, kuma kayan yana isa inda aka aike shi. Zan ci gaba da koya wa yarana Turancin jarrabawa, don shi ne aikina kuma suna bukatarsa. Amma na ga jimlar da ba ta cika ƙa'ida ko ɗaya ba ta sauke wa uwa nauyin da ta'aziyyarmu duka ba ta sauke ba. Na kuma gane cewa in mutum ya yi nisa da gida, danginsa su ne waɗanda suka zauna a bakin gadonsa.

Shekaranjiya Rahila ta kira ni. Ta ce Mama ta ware gyaɗa mudu guda ta ɗaure a leda, ta hana kowa taɓawa, tana tambaya ko akwai motar da ke zuwa Vietnam daga tashar Zuru.