Jan Fenti a Bangon Baba Yohanna

Gidan yari ba daɗi. Shekara uku na yi ina kwana a kan siminti, har yau bayana bai koma daidai ba. Amma ba don a tausaya min nake wannan rubutu ba. Ni na kai kaina.

Ni mai fenti ne. Aji huɗu na yi a firamare na bari. Ina haya a unguwar Herwagana cikin Gombe da matata da 'ya'ya uku, aiki yau akwai, gobe babu, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Wata shekara aka ce za a faɗaɗa hanya a gefen unguwarmu. Ma'aikatan tsara gari suka ɗauke ni aikin sati biyu. Su auna, su duba taswira, su nuna min bango, ni kuma in zana jan gicciye da lamba. Duk gidan da na shafa wa, rusau za a yi masa. Na ga manyan mutane suna rawar jiki a gabana saboda burushi. Da aikin ya ƙare, ban mayar da rigar nan mai ƙyalli da suka ba ni ba, da ragowar fenti. Daga nan abin ya fara.

Wani dillalin filaye, Alhaji kawai zan ce da shi, ya kira ni shagonsa. Ya ce, "Kai, kana riƙe da arziki kana yawo da silifa a tsinke." Ya ce in shafa wa gidajen da hanya ba za ta bi ba, shi zai saye su a banza, rabona yana nan. Na ce zan yi tunani. Tunanin bai kai la'asar ba.

Ranar Lahadi da safe nake yi, lokacin da rabin unguwa suna coci. In sa riga, in zana, in ƙirƙiri lamba. Wanda ya gan ni ma gaishe ni yake, don ya saba ganina da ma'aikata.

Baba Yohanna tsohon malamin makaranta ne, mutumin Kaltungo, layi ɗaya ne tsakaninmu. Da kuɗin sallamarsa ya ƙarasa gidan. Matarsa Mama Saratu ita ta yi wa matata wankan jego a haihuwarmu ta fari. Na shafa wa bangonsu.

Da yamma ya zo ƙofata da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, kai ka san mutanen nan. Gaskiya ne?"

Na ce, "Baba, gaskiya ne."

"To diyya fa?"

Na ce, "Takardar mai unguwa gare ka, ba ta gwamnati ba. Ko sisi ba za su ba ka ba. Ka sayar tun da sauran mai saye."

Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ka faɗa min." Wannan maganar ta fi simintin ci min baya.

Cikin wata guda ya sayar wa Alhaji a kuɗin da bai kai na ɗaki biyu ba. Ni na taya su loda kaya a mota, suka koma Kwadon gidan mijin 'yarsu. Mama Saratu har gyaɗa ta ƙulla wa yarana.

Asiri ya tonu ne da wani tela ya ƙi sayarwa. Ya kwafi lambar bangonsa ya kai ofis yana neman diyya, aka duba taswira, babu ita. Aka kama ni. A kotu Alhaji ya rantse bai taɓa aikena ba, kuma babu takardar da ta haɗa mu. Kafin a gama shari'a ya rushe gidan Baba ya jera shaguna. Suna nan har yau, hanya ba ta zo kusa ba.

Ku samari, ku ji ni. In aka ba ku rigar aiki, aiki ya ƙare, ku mayar. In wani ya ce kuna zaune a kan arziki, ku tambaye shi na wa ne. In kuma an shafa wa gidan iyayenku ja, kar ku tambayi maƙwabci irina. Ku je ofis da ƙafarku a buɗe muku taswira.

Sati ɗaya da fitowata na je Kwadon. Na tarar da Baba a kan tabarma, ido ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi sunana, na ce na tuba.

Ya ce, "Ni na yafe tun kana ciki, ɗana, addinina ya ce in yafe. Amma Saratu ta rasu bara a ɗakin suruki, tana tambayar yaushe za mu koma gida. Ita ba ta ce ta yafe ba, ni kuwa ba zan amsa da bakinta ba."

Na tashi na dawo Gombe.

Gida bakwai aka sayar saboda fentina. Washegari da na idar da sallar asuba, na fita tambayar inda masu gida na biyu suka koma.