Bugun Tulun Da Ya Fito Da Ni Daga Ɓuya

Edita, a wancan lokacin ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Ɗinki nake yi a gidan haya a Rafin Guza, amma da murya aka san ni. In na ɗaga waƙa ranar Lahadi har masu wucewa sukan rage sauri, ko dai haka nake gaya wa kaina. Sai maƙoƙo ya fito mini a wuya. Aka yi tiyata lafiya, ciwo ya warke, amma murya ta ƙi dawowa. In na buɗe baki sai ka ce tsohuwar ƙofar kwano ake ja.

Na yi azumi, na yi addu'a har na gaji. Daga nan na yi fushi da Allah, fushi na gaske. Na ce a raina abu ɗaya nake yi masa hidima da shi, ya kuma karɓe, ashe ya gama da ni. Na daina zuwa sujada, na ninke zanen zumunta na tura can ƙasan akwati.

A al'adarmu, in aka daina ganin mace, matan zumunta sukan ɗaura zane iri ɗaya su je gidanta su yi waƙa da addu'a. Da na ji suna tafe wata Alhamis da yamma, sai na faɗa ɗakin maƙwabciyata, wata Hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli, na roƙe ta ta ce na yi tafiya. Na manta Hajiya ba ta iya ƙarya ba. Ina bayan labule na ji tana gaya wa uwar zumunta cewa ina ciki, amma na ce a ce ba na nan. Ta kuma shimfiɗa musu tabarma daidai ƙofar ɗakin.

Suka fara waƙa. Mu da tulu muke kiɗa, ana buga bakinsa da guntun soson katifa, kuma wadda ta riƙe shi ranar ba ta san kansa ba. Kiɗa na gabas, waƙa na yamma. Na daure baiti ɗaya, na cije na biyu, a na uku na fito ko ɗankwali babu na ƙwace tulun daga hannunta. Sai da muka kai ƙarshe na lura hawaye nake yi, bakina kuma yana bin waƙar da 'yar muryar da ta rage. Uwar zumunta tana dariya ta ce da gangan ta ba wadda ba ta iya ba tulun, domin ta san halina. Ta ce wata uku ke nan babu makon da ba su ambaci sunana a addu'a ba.

Har yau muryata ba ta dawo ba, ni ce dai mai tulu, kuma ban taɓa jin daɗin sujada kamar yanzu ba. Ina nadamar watannin da na ɓata ina zargin Ubangiji, don na ɗauka muryata yake ƙauna, ba ni ba. 'Yan'uwa, in abu ya same ku kada ku yi saurin cewa Allah ya yashe ku, kada kuma ku guje wa masu nemanku. Ni da na ɗauka ya tafi ya bar ni, har ɗakin da na ɓuya ya aiko a kira ni.