Wani Fasinja Ɗan Gombe

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci. A Shamaki nake zaune, amma na tsallake ajin unguwarmu na tafi na Herwagana, don ba zan yarda matan da na yi wa wankan jego su zuba mini ido ina kokawa da baƙi da wasali ba. A can ba wanda ya san ni. Malamarmu 'yar Tangale ce, Kirista, sa'ar autata. Inna take ce mini.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Motoci suka yi yawa, 'yan fashi ma suka yi yawa, wanda aka kama kuwa a ɗaure shi jikin durom a harbe, jama'a na kallo. Masu rubutu suka samu abin yi. Sai ka ga 'yan littattafai sirara an baza a tabarma a Kasuwar Gombe, kowanne da hoton ɗan fashi a bango.

Rannan matar wani ɗan sanda ta zo aji da guda. Malama ta ce tunda shi muke so, a karanta shi, ya fi mu yi ta gyangyaɗi a kan littafin koyo. Ina ganin fuskar da ke bangon na gane ta, don an taɓa nuna mini ita a jarida. Shi ne ya tare motar da ɗana yake ciki a hanyar Kano, ya harbe shi.

Ɗan fari ne. Wanda ya tashi cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, ba na yabonsa. Yana barin nono aka kai shi wurin goggonsa, yayar mijina. Ni Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. Ni kuma in zance ya kama dole sai in ce “wancan yaron”. Da aka kawo gawarsa kowace mace a gidan ta yi kuka sai ni, har tsofaffi suna yabona wai na san kunya.

Bayan an harbe ɗan fashin, wani mutum mai jaka ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce littafi yake rubutawa, yana son uwar mamacin ta ba shi labarinsa. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Goggon yaron ta ce masa, “Malam, a ina aka haife ka? Uwa ce za ta yi maganar ɗan fari? Ya rasu, Allah ya ji ƙansa, shi ke nan.” Mutumin ya ɗan jira, bai ji motsin kowa ba, ya tafi. Haka aka koya mana, haka kuwa muka yi.

To, wannan littafin ne a hannun matan ajinmu. Kullum in an kusa tashi sai a karanta kaɗan, wannan ta ja layi biyu da ƙyar ta miƙa wa ta kusa. Ni na ce idona na ciwo. Muka ji inda aka haifi ɗan fashin, da yadda uwarsa ta mutu yana goye, da tuwon da ya fi so, da rigar layun da harsashi ba ya hudawa. Ashe danginsa sun buɗe baki sun yi ta zuba.

Kowa da ra'ayinta. Mai sayar da ƙosai ta ce, “Ni dai wallahi tausayi ya ba ni. Maraici ne ya lalata shi.”

Matar ɗan sanda ta ce, “Ke rufa mana baki, maraya nawa ne a garin nan suke dako? Amma dai namiji ne. Maigidana ya ce da za a ɗaure shi ko gezau bai yi ba.”

“Namijin ya fi naki, ko?” in ji wata daga baya. Aka kwashe da dariya.

Wata dattijuwa mai zuwa coci ta ce ita abin da take jira shi ne ƙarshen, don yara su ga inda hanyar ke kaiwa. Malama ta ce marubucin ya iya, ba ka son ajiyewa. Ban musa ba, ya iya. Ni kaina sai da na ji kamar na san mutumin, na kuwa tsani kaina saboda haka.

Muna nan har aka zo ranar motar Kano. Mai ƙosai ce ke karatu, yatsa a kan layi. “Ya ka-she di-re-ba da wa-ni fa-sin-ja ɗan Gom-be.”

“Ɗan Gombe? Allah sarki,” in ji matar ɗan sanda. “Ci gaba, 'yar uwa, ina son in ji yadda ya ɓace musu a daji.”

Na ce, “Miƙo nan.”

Na karɓa na duba da idona. Na juya gaba, na juya baya. Babu ƙari. Iyakar abin da aka ba shi ke nan.

Na ce, “Kun san tuwon da ɓarawo ke so. Wannan fasinjan fa, me yake so?” Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. “To ni in gaya muku. Ɗanwake yake so, da yaji har hawaye na zuba. Gyaran rediyo yake yi a kasuwa, ba wanda ya koya masa, tawa ya fara kwancewa ya sha duka. Kayan gyara ya tafi saye Kano. Ya bar mata da 'yar da ba ta fara tafiya ba. In ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in juya masa baya in amsa, shi kuwa ya ajiye mini goro a kan turmi ya fita yana murmushi. Ni na haife shi.”

Mai ƙosai ta ɗora hannu a ka. Matar ɗan sanda ta ce, “Inna, ki yafe mana, wallahi ba mu sani ba.”

Na ce, “Ina za ku sani? An zo tambaya har gida, aka rufe baki.”

Malama ta baro allo ta durƙusa gabana. Su ba su da wannan kunyar tamu, ko kuwa tasu dabam ce, ban sani ba. Kai tsaye ta tambaye ni, “Inna, yaya sunansa?”

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Tun ranar da aka raɗa masa shi nake jin sunan a bakin kowa, maƙwabta, masu kawo gyara, matarsa ma in ta yi suɓul da baka, amma bai taɓa bi ta bakina ba. Na sake gwadawa. Da ya fito, da ƙarfi ya fito, da jan ƙarshe, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in tuwo ya sauka yana waje. Har na tsaya ina sauraro.

Matan suka yi ta kuka. Ni ma a nan na yi nawa, a kan bencin yara, cikin baƙi.

Ba mu ƙarasa littafin ba. Matar ɗan sanda ta cusa shi cikin zaninta, ba ta ƙara zuwa da shi ba. Na ji an ce ya samu karɓuwa ƙwarai, har an sake bugawa. Yanzu na iya karatu, ana kawo mini irinsu, ba na karantawa daga farko. Wurin waɗanda aka kashe nake nema tukuna, in ga ko an faɗi sunayensu. In ba a faɗa ba sai in mayar wa mai shi.