Mai Gudu Ba a Kore Shi Ba

Kwana shida ke nan Alu Wanzami yana ganin mutumin nan, kuma har yau bai yarda da shi ba. Kullum da safe, Alu na jera ƙahonninsa a bakin hanyar Nima, sai ga shi a guje daga wajen unguwar Maamobi, da gajeren wandon soja da takalmin kambas, ba kaya a kai, ba mai binsa. Ɓarawo ma yakan waiwaya, shi wannan ba ya waiwaye.

Fari ne kamar Bafillace, don haka fatarsa ba ta ɓoye komai. Kunnuwa sun yi ja wur, wuya kamar an shafa manja, jijiyoyin hannu duk sun fito. Shekara talatin Alu yana zuƙo jini da ƙaho kafin ya taso, amma na wannan ya taso da kansa, ba tsaga. Ko sojan yaƙin Bama ne wanda kansa ya taɓu? Ko wani abu yake sha?

Yau mutumin ya tsaya gindin famfo yana haki. Ya danna yatsa a damtsensa, wurin ya yi fari, ya saki, jan ya dawo nan take. Ya yi murmushi.

Hudu ɗan dako, wanda ya tuɓe riga yana jiran ƙaho, ya ce, "Baba, ka ga yadda jininsa ke yawo? Wai bayansa bai taɓa ciwo ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Jiya na tambaye shi."

Alu ya sunkuyar da kai, sai ya ga sabon kambas a ƙafar Hudu.